Ƙasar Gona da Cutar da ke Kashe Tsutsa

Ya kamata manoma su sani cewa tsutsar da ke cinye amfanin gona ita ma tana da nata cututtukan, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara ita ce wadda masana ke kira bakulobairos, wato wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, wadda ba ta kama mutum ko dabbar kiwo. Idan tsutsa ta ci ganyen da ke ɗauke da ita, sai ta yi laƙwas, ta hau saman shuka ta mutu a rataye, jikinta ya narke, miliyoyin ƙwayoyi su zubo ƙunshe cikin wani kwanso da ke ba su kariya. Tsutsar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016 ma tana da irin tata.

A kan ganye hasken rana yana lalata ƙwayoyin cikin 'yan kwanaki, amma da zarar ruwan sama ya wanke su zuwa ƙasa sai ta zame musu rumbu, har ma an taɓa samun masu rai a ƙasar wani daji a Amurka bayan shekara 41. Ruwan dai shi ne kuma ke dawo da su, domin ɗigonsa yana fantsama ƙasa a kan ganyen da ke kusa da gindin shuka, inda sabuwar tsutsa za ta ci ta kamu. Sai dai ruwa mai ƙarfi da ke zaizaye gona yana kwashe su tare da ƙasar sama, kuma laka ta fi jigawa riƙe su.

A nan ne hannun manomi ke shigowa. Kaftu mai zurfi yana binne ƙwayoyin inda ɗigon ruwa ba ya kai musu, ƙona kara da karmami kuwa, wanda da yawa ke ɗauka tsabta ce, yana hallaka na saman ƙasa. Ana kuma iya amfani da cutar a matsayin maganin feshi: a baya manoman waken soya a Burazil sun shafe shekaru suna tattara tsutsotsin da cutar ta kashe, su niƙa, su dama da ruwa, su tace, su fesa a gona. Saboda haka ana kira ga manoma da su rage ƙona gona, su tare zaizaya, kuma duk feshi irin wannan su bari sai la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi sanyi.