Soyayya, Abota da Gaba a Matsayin Tubalan Gina Jigo: Nazarin Taurari a Jerin Littattafan Almara na Tomi Adeyemi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dangantakar manyan taurari huɗu a cikin littattafai biyu na farko na jerin ƙagaggun labaran almara na matasa da Tomi Adeyemi ta rubuta. An bi hanyar karanta matani da ƙalailaice ayyukan taurari domin gano wadda ta fi ɗaukar nauyin jigo tsakanin soyayya da abota da gaba. Nazarin ya gano cewa abota ce ginshiƙin labarin, soyayya kuwa ma'auni ce da ake gwada taurari da ita, sannan gaba tana tasowa ne daga tsarin mulki da abin da aka gada daga iyaye.

1.0 Gabatarwa

Manazarcin adabin Hausa ba baƙo ba ne ga labarin almara. Tun daga gasar rubutun 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, aljanu da tsafi da tafiye-tafiyen al'ajabi suka samu gurbi a zuben Hausa. Haka nan littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano daga shekarun 1980 sun sa jigon soyayya ya zama abin da aka fi tattaunawa a kansa. Abin da ya cancanci ƙarin kulawa shi ne yadda waɗannan abubuwa biyu suke aiki idan suka haɗu a cikin labari guda mai tsawo. A nan ne ayyukan Adeyemi suke da amfani ga mai nazari.

An haifi marubuciyar a Amurka a shekarar 1993, iyayenta kuwa Yarabawa ne 'yan Nijeriya. Littafinta na farko, Children of Blood and Bone, ya fito a 2018, na biyu, Children of Virtue and Vengeance, a 2019, na uku kuma a 2024. Wannan nazari ya taƙaita ga biyun farko. Ta gina labarin a wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Orisha, bisa addinin gargajiyar Yarabawa, amma ta ari sunayen garuruwan Nijeriya irin su Legas da Ilorin da Ibadan da Sakkwato da Gombe da Jimeta.

2.0 Taƙaitaccen Labari da Taurarinsa

Shekara goma sha ɗaya kafin buɗewar labarin, Sarki Saran ya sa aka hallaka masu baiwar sihiri da ake kira maji, sihirin kuma ya gushe daga ƙasar. 'Ya'yansu, waɗanda ake ganewa da farin gashi, suka zama abin wulaƙanci. Zelie ɗaya ce daga cikinsu, kuma a gabanta aka kashe mahaifiyarta. Tana da wa mai suna Tzain, wanda ba shi da baiwar. A ɗaya ɓangaren akwai 'ya'yan sarki biyu, Yarima Inan da Gimbiya Amari. Labarin ya motsa ne a lokacin da Saran ya kashe Binta, hadimar Amari kuma aminiyarta, bayan wani naɗaɗɗen rubutu mai tsarki ya farkar da baiwarta. Amari ta sace rubutun ta gudu, ta yi kiciɓis da Zelie a kasuwar Legas, sarki kuma ya tura Inan ya kamo su.

Ta fuskar salo, an ba da labarin ne da bakin taurari uku, Zelie da Amari da Inan, kowa da nasa babi. Wannan dabara tana sa mai karatu ya ga kowace dangantaka daga gefe biyu, har ya san abin da tauraro yake ɓoyewa abokin tafiyarsa.

3.0 Abota

Abin lura na farko shi ne, mutuwar ƙawa ce ta tayar da labarin. Ba don wani saurayi Amari ta bar fada ba, ta bar ta ne saboda Binta. Wannan ya nuna tun daga farko inda marubuciyar ta ajiye nauyin labarinta.

Abotar Zelie da Amari ta faro ne da ƙiyayya. Zelie tana kallon gimbiyar a matsayin 'yar wanda ya kashe uwarta, tana kuma raina ta da cewa 'yar gata ce wadda ba ta san wahala ba. Amana ta ginu sannu a hankali ta hanyar aiki: Amari ta sadaukar da adon kanta mai daraja a Sakkwato domin su sami guzuri, ta zare takobi ta ceci Zelie a fagen gasar Ibeji, sannan ita da Tzain suka shirya kuɓutar da ita daga kurkukun Gombe. Kowane mataki na tafiyar yana da nasa abin da ya ƙara wa amincin. Hausawa sun ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, kuma lalle baƙin ciki iri ɗaya ne ya haɗa 'yan matan biyu, domin Saran ne ya raba kowacce da wanda ta fi ƙauna.

4.0 Soyayya

Akwai soyayya iri biyu a littafi na farko, kuma an jera su ne domin a kwatanta. Ta Amari da Tzain mai natsuwa ce, tana tafiya tare da abota. Ta Zelie da Inan kuwa ta tsiro ne daga gaba. Inan ya fito farautar Zelie, a ƙarƙashin jagorancinsa aka ƙona Ilorin, amma sai ya gano shi ma yana ɗauke da baiwar da aka koya masa ya tsana, wadda take ba shi damar shiga zukatan mutane. Da ya ji raɗaɗin da ke zuciyar Zelie, sai tausayi ya shige shi, tausayin ya zama so.

Sai dai wannan so bai iya canza tarbiyyarsa ba. Duk lokacin da ya tsaya tsakanin Zelie da koyarwar mahaifinsa ta fifita sarauta a kan son rai, sai ya karkata ga mahaifin. Ƙarshen wannan ragon azanci shi ne kama mahaifin Zelie da mutuwarsa. Ke nan soyayya a nan ta tona asirin raunin tauraro ne, ba ta warware rikici ba.

Idan aka kwatanta da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, za a ga kama da bambanci. A can ma bambancin matsayi ne ya shiga tsakanin Sumayya 'yar masu hali da Muhammad talaka, iyaye kuma su ne shinge. Amma shingen yana wajen masoyan, zukatansu a haɗe suke. A wurin Adeyemi shingen ya riga ya shiga cikin zuciyar masoyin, shi ya sa ko bayan mutuwar Saran a ƙarshen littafi na farko matsalar ba ta kau ba.

5.0 Gaba da Hamayya

Gaba ta bayyana a matakai uku. Na farko tsakanin 'yan uwa: Saran ya riƙa sa Inan da Amari su gwabza da takobi na gaske tun suna yara, har Inan ya bar wa ƙanwarsa tabo a baya. Na biyu tsakanin Zelie da Tzain, wanda yake ganin kusantar ta da yariman cin amanar iyayensu ne. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne wanda ya ɓarke tsakanin Zelie da Amari a littafi na biyu.

Dawowar sihiri ta zo da abin da ba a zata ba, domin ta farkar da baiwa har a jikin wasu 'ya'yan sarauta, cikinsu har da Amari da mahaifiyarta Nehanda. Amari tana neman gadon sarauta da niyyar haɗa kan ƙasa, amma 'yan tawayen maji da ake kira Iyika ba su yarda da ita ba, Zelie suke girmamawa. Neman karɓuwa ya tura gimbiyar ga ƙarfi, har ta kai ga ba da umarnin kai hari a Ibadan ba tare da duba rayukan mutanen gari ba. Wannan aiki ya raba ta da Zelie, ya kuma raba ta da Tzain. Wadda ta kashe mahaifinta saboda zaluncinsa, ita ce ta wayi gari tana tunani irin nasa.

Daga nan ake gane cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan sabani da ya taso daga kishin masoyi. 'Yan matan biyu ba su taɓa hamayya a kan namiji ba; a kan jagoranci da hanyar kawo ƙarshen zalunci suka saɓa. Marubuciyar da kanta ta bayyana a ƙarshen littafi na farko cewa kisan da 'yan sanda suke yi wa baƙar fata a Amurka ne ya zaburar da ita, wanda hakan ya ƙara tabbatar da cewa babban jigon shi ne danniya da abin da take haifarwa.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa dangantakar taurari a waɗannan littattafai tana tafiya ne da tsari: abota tana motsa labari, soyayya tana auna taurari, gaba kuma tana bayyana yadda zaluncin iyaye yake bin jinin 'ya'ya. Darasin da ke ciki ga mai nazarin zuben Hausa shi ne, ganin masoya a cikin littafi bai isa hujjar sanya shi a rukunin jigon soyayya ba. Ya kamata a tambaya: wace dangantaka ce idan aka cire ta labarin zai rushe? Idan aka yi wa littattafan da aka daɗe ana kira na soyayya wannan tambaya, mai yiwuwa a tarar da yawa daga cikinsu suna magana ne a kan iko da matsayi da amana.