Hukuncin Kisa Tsakanin Ƙisasi da Afuwa: Darasi ga Ƴan'uwa

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayawa, Mai kashewa, wanda ya girmama ran ɗan Adam ya kewaye shi da katangar shari'a. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, duk lokacin da aka aikata wani mummunan kisa sai muhawara ta tashi a majalisu da gidajen rediyo: shin a kashe wanda ya kashe, ko a tsare shi har ƙarshen rayuwarsa? Haka aka yi a watan Maris na 2021, lokacin da mahara suka afka wa ƙauyukan Tiliya a jihar Tawa, gwamnati ta sanar da mutuwar mutum 137. Haka kuma aka yi a 2022, da labari ya iso daga Kano cewa mai wata makaranta ya sace ɗalibarsa ƴar shekara 5, ya nemi kuɗin fansa, sannan ya kashe ta. A watan Yuli na wannan shekarar kotu ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya, shi da wanda ya taimaka masa. A irin wannan rana zuciya na tafasa, harshe kuma na riga hankali. Shi ya sa ya kamata muridi ya san abin da shari'a ta ce tun kafin ranar fushi ta zo.

Matsayin rai

Alƙur'ani ya fara da girmama ran da aka kashe. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta daidaita kashe mutum guda ba da hakki ba da kashe mutane baki ɗaya, ta kuma daidaita ceton mutum guda da ceton su duka. Aya ta 93 a Suratun Nisa'i ta tara wa mai kashe mumini da gangan azabar wuta da fushin Allah da la'ana. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa shari'ar jini ita ce farkon abin da za a yanke tsakanin mutane ranar alƙiyama.

Wannan girma na rai yana aiki ta fuska biyu, kuma nan ne mutane da yawa ke tsayawa rabin hanya. Shi ne dalilin da ya sa aka hukunta mai kisa. Shi ne kuma dalilin da ya sa aka tsananta sharuɗɗa kafin a taɓa ran wanda ake tuhuma, domin idan aka kashe shi bisa kuskure, an ƙara gawa ta biyu a kan ta farko.

Abin da ƙisasi ya zo gyarawa

Kafin Musulunci, Larabawa ba su san iyaka a ramuwa ba. Ƙabila mai ƙarfi takan nemi rayuka da yawa a madadin mutum guda nata. Yaƙin Basus tsakanin Bakru da Taglibu, wanda ya faro daga kashe taguwa har ya kai ga kashe Kulaibu, an ce ya kai kusan shekara 40. Da ayoyi na 178 da 179 na Suratul Baƙara suka sauka, sai suka taƙaita abin ga wanda ya yi kisan, aka bar ɗansa da ƙaninsa da danginsa. Aya ta 33 a Suratul Isra'i ta ba waliyyin mamaci hakki, ta kuma hana shi wuce gona da iri. Ayar Baƙara ta ambaci rayuwa a cikin ƙisasi, malaman tafsiri kuma suka bayyana cewa mai niyyar kisa idan ya san ransa zai tafi sai ya janye hannu, rayuka biyu su tsira, gaba kuma ta mutu tun ba ta zama gado ba.

Saboda haka musulmi ba zai kira ƙisasi zalunci ko dabbanci ba, tunda Allah ne ya shar'anta shi. Sai dai ayar da ta wajabta shi ita ce ta buɗe ƙofar afuwa, ta kira waliyyin mamaci da mai kisan ƴan'uwan juna, ta kuma siffanta sassaucin da rahama daga Ubangiji. Anas ɗan Malik ya ba da labarin cewa bai taɓa ganin an kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, shari'ar ƙisasi ba face ya yi nuni zuwa ga yafewa.

Yadda malamanmu na Malikiyya suka tsara shi

Duk wanda ya karanta babin jini da haddodi a Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya san ba a kashe rai sai da ɗayan uku: shaidu adalai, ko furucin mai laifin da bakinsa, ko ƙasama, wato rantsuwa 50 da dangin mamaci za su yi idan akwai alama mai ƙarfi da ke nuna wanda ake tuhuma. Ba a yi wa yaro ko mahaukaci ƙisasi. Mace mai ciki ana jinkirta mata har ta haihu. Kisan kuskure babu ƙisasi a cikinsa sam, diyya ce da kaffara. Diyya kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa.

Idan laifin ganganci ya tabbata, zaɓi na hannun magadan jini: su nemi ƙisasi, ko su yi sulhu a kan diyya, ko su yafe don Allah. Idan ɗaya daga cikin ƴaƴan mamacin maza ya yafe, kisa ya faɗi, sauran sai su karɓi rabonsu na diyya. Wanda aka yafe wa kuma ba ya tafiya gida haka nan: a mazhabar Imamu Malik ana yi masa bulala 100, a tsare shi shekara guda, domin jama'a ma suna da hakki a kansa.

Akwai wurin da Malikiyya suka rufe ƙofar afuwa, shi ne kisan gilla: a yaudari mutum, a kai shi inda ba mai cetonsa, a kashe shi don dukiya ko makamancinta. Sun haɗa wannan da hiraba, wato fashi da tare hanya da firgita jama'a, wanda aya ta 33 a Suratul Ma'ida ta yi magana a kai. A nan hukunci na hannun shugaba, yafewar dangi ba ta kawar da shi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya kashe mutum biyar ko bakwai da suka haɗu suka yi wa mutum guda irin wannan kisa. Sace yarinya da aka ba ka amanarta a kashe ta don kuɗi yana cikin wannan babi ƙarara.

Amma aya ta 34 da ke biye ta togace waɗanda suka tuba kafin a kama su. Malamai sun ce haddin hiraba na faɗuwa daga kansu, hakkin mutane na jini da dukiya kuwa yana nan. Wannan rarrabewa tana da amfani wajen fahimtar abin da ya faru a jihar Difa, inda gwamnati ta buɗe ƙofar miƙa wuya ga mayaƙan Boko Haram a ƙarshen 2016, aka tara masu tuba a cibiyar Gudumariya. Karɓar tuba yana da asali a shari'a. Kukan wadda aka kashe wa miji ma yana da asali, kuma sulhun da ya tsallake ta bai cika ba.

Hujjar masu cewa a dakata

A Nijar hukuncin kisa na nan cikin dokar hukunta laifuka, kotuna kuma suna yanke shi, amma rabon da a zartar da shi tun 1976, bayan yunƙurin juyin mulki a zamanin Seyni Kunce. A ƙarshen 2010 an kawo shawarar soke shi gaban majalisar tuntuɓa ta riƙon ƙwarya, ta ƙi amincewa. Senegal ta soke shi a 2004, Cadi kuma a 2020.

Masu neman a soke suna kafa hujjoji uku da bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko, alƙali na iya kuskure, wanda aka kashe kuwa ba a dawo da shi. Na biyu, talakan da ba ya da lauya ya fi faɗawa ramin, mai hali ya tsallake. Na uku, takobi a hannun mai mulki yakan juya ya zama makamin siyasa.

Shari'a ba baƙuwar waɗannan tsoro ba ce. Ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha ta shahara tsakanin malaman fiƙihu, tare da maganar da Tirmizi ya kawo ta hanyar Nana A'isha, cewa kuskuren shugaba wajen yafewa ya fi kuskurensa wajen hukuntawa. Littattafan alƙalanci suna kawo labarin wani mahauci a zamanin Sayyidina Ali. An same shi a wani kango tsaye kan gawa, wuƙa a hannunsa tana ɗigar jini, ya kuma amsa laifi. Ana shirin kashe shi sai wani ya fito ya ce shi ne ya yi kisan. Da aka tambayi mahaucin, ya ce saniya ya yanka, fitsari ya kai shi kangon da wuƙarsa a hannu, ya tarar da gawar, kuma ya ga ba wanda zai gaskata shi in ya musa. Ga wuƙa, ga jini, ga furuci, amma mutumin bai yi ba. In haka ta faru a wancan zamani, me za a ce da furucin da aka tatso da duka a ɗakin tsare mutane?

Mutanen tasawwufi kuma sun san hujja ta uku a jikinsu. A Bagadaza, a ƙarni na uku na hijira, wani mai wa'azi da ake kira Gulamu Khalil ya kai ƙarar jama'ar sufaye cewa zindiƙai ne, aka yi umarnin sare su. Shehu Abul Husaini Annuri ya riga sauran zuwa gaban hauni, domin ya fifita ƴan'uwansa da rayuwar sa'a guda. Abin ya ba hauni mamaki, magana ta koma gaban alƙali, ya yi wa Annuri tambayoyin fiƙihu, ya gane mutanen masu tauhidi ne, aka sake su. Bincike na sa'o'i kaɗan ne ya raba waɗannan bayin Allah da takobi.

Daga nan za mu gane cewa tambayar kashi biyu ce. Halascin ƙisasi a asalinsa ba abin jayayya ba ne ga musulmi. Zartar da shi a wata ƙasa, a wani zamani, kan wani mutum, wannan yana jiran cikar sharuɗɗa: shaida tsarkakakka, alƙali mai ilimi da ba ya karɓar toshiya, da daidaito tsakanin ɗan sarki da ɗan talaka. Wanda ya ce a jinkirta saboda yana tsoron sharuɗɗan ba su cika ba, bai ƙaryata aya ba. Wanda ya ce a zartar kan wanda laifinsa ya tabbata ba shakka, shi ma ba mai ƙishin jini ba ne. Kada mu kafirta juna ko mu zagi juna a kan wannan.

Rabon muridi a cikin wannan darasi

Na farko, hukunci na hukuma ne. Malamai sun haɗu a kan cewa ba kowa ke tsayar da haddi ba sai shugaba ko wakilinsa. Taron da ya kama wanda aka yi wa ihun ɓarawo ya kashe shi da duwatsu ko wuta, kisan kai ya yi, kuma duk wanda ya sa hannu zai amsa tambaya. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 ƴan arewacin Najeriya a garin Uromi na jihar Edo bisa zargin cewa masu satar mutane ne, ba alƙali, ba shaida. Abin da muka ƙi a yi wa namu, kada mu yi wa na wasu. Idan ka tarar da irin wannan taro, kira jandarma ko ɗan sanda, ka kuma kwantar da wanda zai ji maganarka.

Na biyu, ka binciki fushinka. Fushi don an keta hurumin Allah daban, jin daɗin ganin wahalar wani daban, kuma nafsu ta iya sa wa na biyun rigar na farko. Dubi Sayyidina Ali lokacin da Ibn Muljam ya sare shi a Kufa, cikin Ramadan na shekara ta 40 bayan hijira. Yana kwance da raunin ajali ya yi wasiyya a ciyar da fursunan, a kyautata tsaronsa, in ya rasu a yi masa sara guda kamar yadda ya yi, kada a yi gunduwa-gunduwa da shi. Ya bar ƙisasi a matsayinsa, ya kuma hana ƙiyayya shiga cikinsa.

Na uku, afuwa falala ce, ba a tilasta ta. Aya ta 40 a Suratus Shura ta ɗora ladan mai yafewa da gyarawa a kan Allah da kansa. Ana kwaɗaitar da dangin mamaci da tattausan harshe bayan hawaye sun tsagaita. Ba a zuwa musu da manyan gari a matsa musu, ba a kuma kiran wanda ya nemi hakkinsa mai taurin zuciya. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya karɓi musuluncin Wahshi wanda ya kashe baffansa Hamza a Uhudu, amma ya nemi ya riƙa kauce wa idonsa. Yafewa ba ta goge ciwo nan take. Kafin mu nemi marayu su yafe, mu tambayi kanmu wa ke kai musu hatsi, wa ke biya musu kuɗin makaranta.

Na huɗu, kada ka yanke wa kowa ƙauna daga rahamar Allah. Hadisin mutumin da ya kashe rai 99, ya cika na 100 da mai ibadar da ya ce masa ba shi da tuba, sananne ne. Malamin da ya buɗe masa ƙofa shi ne ya raba mutane da sharrinsa. Malamai sun ce hakki uku ke kan mai kisa: na Allah, wanda tuba ke kankarewa, na magada, wanda ƙisasi ko diyya ko yafewa ke saukewa, da na mamacin kansa, wanda ke jiran ranar hisabi. Ziyartar na gidan kaso da koya musu tuba aiki ne da ya dace da mutanen zawiya, kuma ba ya rage komai daga hakkin wanda aka zalunta.

Na biyar, in kana da shaida ka bayar da ita yadda take, ko a kan ɗan'uwanka ne. In ba ka gani ba, ka kama bakinka, kada ka tura hoton wani a WhatsApp kana cewa ga mai laifi.

Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, ya ba iyalansu haƙuri da mafita. Allah ya shiryi alƙalanmu da shugabanninmu zuwa ga adalci, ya tsare hannayenmu da harsunanmu daga jinin bayinsa, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya, albarkacin Shugaban halitta, sallallahu alaihi wa sallam. Amin.