Ɗiyata, ki rubuta mana guda ɗaya na gaskiya

Labaran da kike ƙagawa suna yawo a wayoyin matan Bunguɗu, wata ma har tuwonta ya kama tana karatu. Ina murna da haka. Baiwa ce, kuma ba kowa Allah ya ba ita ba. Ki ci gaba da abinki. Roƙo ɗaya kawai nake da shi. A cikin littattafan da Allah zai nufe ki da rubutawa, ki ware guda wanda babu ƙage a cikinsa. Mutanensa su zama waɗanda suka taka ƙasar nan da ƙafafunsu. Abin da ke ciki ya zama ya faru.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce wannan aikin malaman jami'a ne, ke kuwa mai hikaya ce. To, saurara. Waɗanda suka share muku hanyar nan hannu biyu suka yi aiki da shi. Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, aka buga a 1934, ya biyo da Magana Jari Ce. Shi ne kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Da ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta abin da idonsa ya gani a Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A namu zamanin, Ibrahim Sheme, mai 'Yartsana, ya haɗa kai da abokan aikinsa suka fitar da Shata Ikon Allah a 2006, bayan rasuwar Shata a 1999. Yau duk mai neman sanin Shata sai ya bi ta kan littafin nan. Babu ɗayansu da alƙalaminsa ya dushe don ya rubuta gaskiya.

Kin ga, akwai abin da kuka iya, ku masu ƙaga labari, wanda ba kowane mai digiri ya iya ba. Kun san inda ake fara zance. Kun san yadda ake sa mai karatu ya ji tausayin mutumin da bai taɓa gani ba. Kun san lokacin da ake jan rai da lokacin da ake saki. Tarihinmu da yawa yana nan a rubuce, amma yana kwance cikin kundayen jami'a, da Turanci mai tauri. Marigayi Garba Nadama, wanda ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, ya yi digirinsa na uku a Zariya a 1977 kan tasowar daular Zamfara da faɗuwarta. Aiki ne babba. Amma mata nawa ne a unguwarku suka taɓa ganinsa? Kafin shi, wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya tattara tarihin Zamfara ya buga a 1959. Da Jamusanci ya rubuta. Ba laifinsa ba ne, da harshen uwarsa ya yi magana. Sai dai mu da aka yi zancen a kanmu ba mu ji me aka ce ba. Waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Kada ki ce babu abin rubutawa. Ɗaga kanki ki dubi dutsen Kwatarkwashi. Yana cikin ƙaramar hukumarmu, kullum kina wuce shi. Tsofaffin gindinsa suna da labarin bikin kamun maiki da ake yi a da, da yadda aka zo aka bar shi. Ki gangara wajen Tsafe. 'Yandoto na nan, garin da ya yi suna da malamai tun kafin jihadin Shehu, har sarautar Tsafe ta ɗauki sunansa. Ki shiga Gusau ta Malam Sambo Ɗan Ashafa. Layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa ta, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Shi ya jawo kamfanonin auduga da gyaɗa, ya jawo Yarabawa da Inyamurai da Kwarori, ya mai da ita babbar kasuwa. Daga baya aka kafa masaƙa, magidanta da yawa suka ci abinci a cikinta, sannan injinanta suka yi shiru. Waɗanda suka yi aiki a ciki wasunsu suna raye. Suna zaune a ƙofar gida da hantsi, babu mai tambayarsu komai.

Nan ne abin yake ba ni tsoro, ɗiyata. Labarin da kika ƙaga zai jira ki. Ko bayan shekara goma kika waiwaye shi, yana nan. Tsohuwa ba za ta jira ki ba. Wadda ta san yadda ake gurzar auduga, a shiɓe ta, a kaɗa zare da mazari, ta san waƙar daɓe da ta niƙa, ta san yadda aka yi auren da babu akwati babu gara mai yawa, yau tana nan, gobe sai Allah. In ta tafi, da kayanta za ta tafi. Ki tuna da Baba ta Karo. Tsohuwa ce ta ƙasar Zazzau, ba ta yi boko ba. Ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta. Aka buga littafin a 1954, bayan ta rasu. Har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya don a san zaman matan Hausawa na da. Irin Baba suna nan a Nahuce da Furfuri da cikin garin Bunguɗu. Mai zama ta saurare su ce ba a samu ba. Ke kuwa mace ce, za ki shiga har ƙuryar ɗaki inda namiji ba ya shiga.

Dubi kuma abin da mutum ɗaya ya yi wa makaɗanmu. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bi su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, ya rubuta rayuwarsu da yadda suke shirya waƙa, a littattafai irin su Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Da Hausa ya yi. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, amma ɗalibin da aka haifa bayan haka yana iya sanin asalinsa da iyayen gidansa. Wannan sadaka ce mai gudana.

Akwai kuma labarin da ya fi nauyi, wanda muke cikinsa. An ba mu Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, muka yi murna. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe. A Satumbar shekarar aka rufe layukan waya, muka koma aika saƙo da baki. Jaridu sun kawo adadi, kuma sun kyauta. Amma adadi ba ya faɗin yadda uwa ta kwana. Ba ya faɗin yadda manomi ya sayar da shanun huɗarsa ya fanshi ɗansa, ko yadda Bafulatanin da bai ji ba bai gani ba ya rasa garkensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba a rubuta yanzu ba, jikokinki za su ji labarin a karkace, kowane ɓangare yana wanke kansa, gaba ta daɗa tsawo.

Sai dai wannan aiki yana da sharaɗi, kuma sharaɗin amana ce. A ƙagaggen labari ke ce sarauniya, ki kashe wanda kika so, ki aurar da wadda kika so. A nan kuwa ke mai ɗaukar saƙo ce. Abin da ba a gaya miki ba, kada ki sa shi a bakin mutum, ko da zai ƙara wa zancen armashi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ƙarya ɗaya tana zubar da mutuncin littafi duka. In tsoho ya ba ki labari, ki nemi wani tsohon ki ji. In sun saɓa, ki kawo duka biyun. Maganar sarauta da asalin gidaje ki taka ta a hankali, don masu ita suna raye. Ki nemi izini kafin ki naɗi muryar kowa a waya. Wanda faɗin sunansa zai jefa shi cikin haɗari, ki sakaya shi, ki gaya wa mai karatu kin sakaya. Kuma kada ki shiga daji don littafi. Waɗanda aka kora daga ƙauyukansu suna nan cikin Gusau da Tsafe, kusa da ke.

Ba zan ce miki za ki yi kuɗi nan take ba. Irin wannan littafi kamar dashen mangwaro yake, ba ya ciyar da mai shi a daminar farko, amma yana daɗewa yana ba da 'ya'ya. Labarin soyayya ana karanta shi a mako guda a nemi sabo. Littafin tarihin gari kuwa ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau zai neme shi, na Kwalejin Ilimi ta Maru zai neme shi, ɗan Bunguɗun da ke zaune a Legas zai saya wa 'ya'yansa. Ribar da ta fi kusa kuma a alƙalaminki za ki gan ta. Wadda ta yi wata da watanni tana sauraron tsofaffi, kunnenta zai cika da Hausar da ba a samu a waya. In kika koma ga hikaya, mutanen labarinki za su daina zama a gidajen bene na Abuja da ba ki taɓa shiga ba. Za su yi magana irin tamu, a gane su.

Kada ki ɗauko tarihin Zamfara duka, zai danne ki. Ki ɗauki abu ɗaya ƙarami: unguwa ɗaya, sana'a ɗaya, ko rayuwar mace ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa. Ki sayi littafin rubutu, ki sa kwanan wata a kan kowace hira da sunan wurin da aka yi ta. Ki fara da kakarki, tun tana gane mutane. Ki riƙa mata goro, ki zauna a tabarma, ki yi tambaya ɗaya ki yi shiru. Ki je mata a wannan makon, ɗiyata. Allah ya yi miki jagora.