Me Ya Sa Ruwa Ba Ya Jiƙa Ganyen Gwaza?

Duk ɗalibin da ya taɓa ratsa gonar gwaza bayan an ɗauke ruwan sama, ya ga yadda ruwa yake dunƙulewa a kan ganyen kamar duwatsun wuya, da an ɗan girgiza sai ya gangare, ganye ya saura a bushe. Haka nan man gyaɗa ba ya garwaya da ruwa, komai motsawar da aka yi masa. Masana kimiyya suna kiran irin waɗannan abubuwa haidirofobik, daga harshen Girka, wato "mai tsoron ruwa". To, amma sunan yana ɓatar da ɗalibai, domin babu tsoro a cikin lamarin.

Kowace ƙwayar ruwa ta ƙunshi zarrar oksijin ɗaya da zarrar haidirojin biyu. Oksijin ya fi ƙarfin jan ilektiron, saboda haka ɓangarensa yana da ɗan cajin nagatif, na haidirojin kuwa yana da ɗan cajin fozitif. Wannan ne ya sa ƙwayoyin ruwa suke riƙe juna tamau. Mai da kakin zuma da kananzir kuwa, galibi sarƙoƙi ne na kabon da haidirojin, masu raba ilektiron kusan daidai wa daida, don haka babu inda ruwa zai kama. Ke nan ba mai ne yake korar ruwa ba. Ƙwayoyin ruwa ne suke matsewa wuri ɗaya, su bar mai a waje.

Ana auna wannan hali da kusurwar da ɗigon ruwa ya yi da abin da ya zauna a kansa. Idan ta wuce digiri 90, abin ba ya jiƙuwa da sauƙi. Idan ta haura 150, sai ɗigon ya riƙa mirginawa. Ganyen gwaza, bayan kakin da ya lulluɓe shi, yana da ƙananan ƙuraje da ido ba ya gani, waɗanda suke riƙe iska a ƙarƙashin ɗigon. A shekarar 1997 Barthlott da Neinhuis na ƙasar Jamus suka bayyana yadda irin wannan tsari yake sa ganyen lotus, wani tsiro mai kama da bado, ya wanke kansa da kansa.

Inda ya kamata malamai su fi tsayawa shi ne jikin ɗan Adam. Tantanin da ya kewaye kowace ƙwayar halitta an gina shi da fosfolifid, mai kai ɗaya da yake shiga ruwa da jela biyu da ba sa shiga. Sai su jeru sahu biyu, jeloli a ciki, kawuna a waje, kamar yadda Gorter da Grendel na ƙasar Holan suka gano a 1925 daga jajayen ƙwayoyin jini. Ba don wannan katanga ba, da abin da ke cikin ƙwayar ya watse.

Sabulu ma kai da jela gare shi. Jelar tana kutsawa cikin maiƙo, kan kuma yana riƙe da ruwa. Ta haka yake ɗauke manja daga hannu, yake kuma farke rigar kitsen wasu ƙwayoyin cuta, irin su korona.