Sayen Keken Lantarki na Farko a Ƙasar Jibiya: Nazari a Kan Zaɓi Inda Kaya Suka Yi Ƙaranci

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin keke, har ya yi masa laƙabi da dokin ƙarfe. A zamanin da kamfanin Raleigh yake haɗa kekuna a Kano, malamin makaranta da ma'aikacin gona da ɗan aike duk da keke aka san su, kafin babur ya zo ya ture shi gefe. Amma tun daga ran 29 ga Mayu, 2023, da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa fiye da naira 500 cikin 'yan kwanaki, mutane da dama suka sake waiwayar keke, musamman irin wanda batir yake taimaka wa mai tuƙa shi.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba yadda mutumin Jibiya zai zaɓi irin wannan keke a karo na farko, alhali kuwa ba abu ne da ake jerawa birjik a kasuwar garin ba. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a wuri irin wannan, keken da ya fi dacewa shi ne wanda za a iya yi wa caji da gyara a cikin garin, ko da akwai wanda ya fi shi ƙarfi da kyan gani.

2.0 Suna da Ma'ana

Kalmar keke tana da yalwar ma'ana a Hausa, domin akwai keken hawa, da keken ɗinki, da keken guragu, da kuma mai ƙafa uku na haya. Saboda haka ya kamata a fayyace wanda ake nufi. Keken lantarki keke ne mai feda da kaca kamar kowane, sai dai an ƙara masa abubuwa uku, wato inji, da batir, da ƙaramin akwatin da ke sarrafa wutar da ke tafiya tsakaninsu. Kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da irin wanda injinsa ke taimakon ƙafa yayin da ake taka feda a shekarar 1993.

Daga cikin kekunan lantarki akwai wanda aka ƙera domin hanya maras kyau. Asalinsa keken hawan tsauni ne, wanda samarin Kalifoniya ta Amurka suka fara haɗawa wajen shekarun 1970 don wasan gangarowa daga duwatsu. Yana da taya mai fāɗi da kaushi, da giya mai yawa, da ƙarfe mai jure jijjiga. A wannan maƙala za a kira shi keken daji na lantarki, domin a ƙasar Jibiya abin da zai yi fama da shi rairayi ne da burji da ƙaya.

3.0 Jibiya da Hanyoyin Shigowar Kaya

Jibiya tana kimanin kilomita 45 yamma da birnin Katsina, a kan hanyar Maraɗi. Matsayar kwastan tana Magama, daga nan sai Ɗan Isa a cikin Jamhuriyar Nijar. Kasuwar garin, wadda ke ci ranar Lahadi, ta ƙasashe biyu ce, kuma shekaru da yawa kayan gwanjo da aka sauke a Kwatano sukan biyo ta Maraɗi su shigo ta wannan ƙofa.

To, amma ƙofar ba kullum take a buɗe ba. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a sake buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na ran 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufe ta har zuwa watan Maris na 2024. Haka kuma a Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, abin da ya shafi Jibiya kai tsaye. A 2021 kuwa gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure saboda matsalar 'yan bindiga.

Wannan tarihi yana koyar da abu biyu. Na farko, mutumin Jibiya ya fi na Kano dalilin neman abin hawa wanda bai dogara da fetur ba. Na biyu, duk keken da kayan gyaransa sai an ƙetara iyaka ake samunsu, zai iya shafe shekara a jingine a zaure. Waɗannan darussa biyu su ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya.

4.0 Abubuwan da Mai Saye Zai Duba

Don a sauƙaƙa bayani, a ƙaddara wani malamin firamare da ke zaune a Jibiya, yana koyarwa a wani ƙauye mai nisan kilomita 12, rabin hanyar kwalta, rabi rairayi. Ya tara albashin watanni, ya kuma sayar da ɗan abin da ya noma, yana son ya huta da sayen mai. Idan ya yi zaɓen tumun dare, to, ya rasa kuɗin, ya kuma koma ga babur ɗin haya.

4.1 Inji

Injin keken lantarki iri biyu ne. Akwai wanda ke cikin cibiyar ƙafa, galibi ta baya, yana juya ƙafar kai tsaye. Akwai kuma wanda ke tsakiyar keke wajen feda, yana jan kaca, yana amfana da giya. Na tsakiya ya fi gwanintar hawan tudu mai tsawo, shi ya sa manyan kekunan tsauni na Turai, masu injin Bosch ko Shimano ko Yamaha, suke amfani da shi. Sai dai yana cin kaca da haƙoran giya da sauri, balle inda rairayi ke shiga ko'ina. Bugu da ƙari, irin waɗannan injuna ba sa karɓar batir sai na kamfaninsu, kuma idan suka sami matsala, dillalin kamfani ne ke binciko ta da kwamfuta.

Ƙasar Jibiya shimfiɗaɗɗiya ce a mafi yawanta, saboda haka fifikon injin tsakiya ba shi da wurin aiki sosai. Injin cibiya ya fi araha, ya fi sauƙin fahimta ga mai gyara, kuma in ya lalace ana iya sauya ƙafar baki ɗaya. Aibinsa shi ne yana ƙara wa ƙafar baya nauyi, wayoyin da ke riƙe da rim sukan tsinke, kuma kafin a cire ƙafar don faci sai an zare wayar wuta a hankali. Duk waɗannan ba su fi ƙarfin mai gyaran keke na bakin kasuwa ba.

Dangane da ƙarfi, dokar Tarayyar Turai ta tsayar da injin keke a kan wat 250 da gudun kilomita 25 a awa, Amurka kuwa ta ƙyale har wat 750. Kada mai saye ya ruɗu da babbar lamba, domin inji mai ƙarfi ya fi saurin shanye batir.

4.2 Batir

Batir shi ne abu mafi tsada a jikin keken, shi ne kuma yake fara mutuwa. Ana gane cikinsa ta hanyar ninka lambobi biyu da ke rubuce a jikinsa, wato bolt da amfiya-awa. Alal misali, bolt 36 sau amfiya-awa 14 ya ba da wat-awa 504. Idan aka ƙaddara keke yana shan wat-awa 10 a kowace kilomita a kan kwalta, wannan batir zai kai kilomita 50, wato zuwa Katsina ke nan ban da dawowa. A cikin rairayi kuwa, ko da kaya a kariya, shan wutar zai iya ninkawa, tafiyar ta ragu zuwa rabi.

Malamin da aka ƙaddara yana yin kilomita 24 a wuni. Rabin da ke kwalta zai ci wat-awa 120, na rairayi ya ci 240, jimla 360. Batir mai 504 zai ishe shi yana sabo, amma da kyar zai ishe shi bayan ya tsufa, domin batirin litiyam yana raguwa bayan an yi masa caji sau ɗaruruwa. A yankin da ba a son magariba ta riski mutum a hanyar daji, wannan rarar ba abin wasa ba ce. Keken lantarki yakan kai nauyin kilo 25, tuƙa shi da ƙafa zalla a cikin rairayi kuwa aiki ne ja.

Zafi ma abokin gabar batir ne. A watan Afrilu da Mayu zafin Jibiya yakan haura digiri 40, alhali masu ƙera batirin litiyam suna hana a yi masa caji idan ya wuce digiri 45. Don haka a zaɓi keken da ake iya zare batirinsa a kai shi inuwa, a bar shi ya huce kafin caji, kada kuma a yi masa caji a ɗakin kwana ko da cajar da ba tasa ba, saboda gudun gobara.

4.3 Wutar Caji

Kafin a tambayi kuɗin keke, a fara tambayar inda za a sami wuta. Caja mai amfiya 2 tana buƙatar awa 7 kafin ta cika batir mai amfiya-awa 14. Wutar gari kuwa ba ta da tabbas, kamar yadda aka gani a watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka kwashe kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Yin caji da janareta kuma komawa ne ga fetur ɗin da aka guda. Wanda yake da sola a gida, ko yake da amintaccen mai shagon caji, shi ne ya shirya. Wanda ba shi da ko ɗaya, gara ya fara da sola, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

4.4 Taya da Birki

Tsidau da sauran ƙayoyi su ne suke tsayar da keke a ƙasar Hausa. Tayoyin kekunan daji suna zuwa da awo uku, inci 26 da 27.5 da 29, tsohon keke irin Raleigh ko Phoenix kuma inci 28 ne. Ya kamata mai saye ya zagaya wajen masu kayan keke a Jibiya da Katsina ya ga awon da suke ajiyewa, sa'annan ya sayi keke mai wannan awon. Haka kuma ya duba bawul. Mai kauri irin na babur kowane mai faci yana iya ba shi iska, siririn nan na kekunan Turai kuwa sai da baki na musamman.

Birki ma iri biyu ne, na waya da na mai. Na mai ya fi kamawa, amma in ya yi yoyo sai da man da ya dace da shi da kayan aiki na musamman. Na waya kuwa kowane mai gyara ya san shi. Haka nan sifirin na gaba ya wadatar, na baya ƙarin kuɗi ne da ƙarin wuraren da ƙurar hunturu za ta ci.

5.0 Sabo, Gwanjo, ko Haɗi

Hanyoyin mallaka uku ne. Ta farko ita ce yin odar sabo daga Kano ko Legas ko Sin. A nan hoton waya yakan yaudari ido, hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne. Ba a biyan kuɗi duka kafin a ga kaya, kuma a tabbata an ambaci caja da girman batir a rubuce. Wanda ke tunanin ɗan'uwa zai riƙo masa batir a jirgi ya sani cewa ƙa'idar jiragen fasinja ta hana ɗaukar batirin litiyam da ya wuce wat-awa 160.

Ta biyu ita ce gwanjo. Ƙarfen keken Turai yana da kyau ƙwarai, amma batirinsa ya riga ya sha aiki, kuma sau da yawa yakan zo babu caja ko makullin batir. Gwaji ɗaya ne ke raba gardama: a cika batirin, a hau a yi tafiya mai nisa kafin a yi ciniki. Mai gyaran sola yana iya auna shi da mita. Batir mai bolt 36 in ya cika yana nuna 42, mai 48 kuma yana nuna 54.6. Idan daga ƙetaren iyaka aka sayo, a riƙe rasit da takardar kwastan.

Ta uku ita ce haɗi, wato a sayi keken daji mai ƙarfi maras inji, a sayi ƙafa mai injin cibiya da akwatin sarrafa wuta da batir daban, a ɗaura. Ba shi da kyan gani kamar na kamfani, amma kowane sashe ana iya sauya shi shi kaɗai, kuma in wuta ta gagara ana iya mai da shi keken ƙafa. Ga mai ƙaramin ƙarfi a gari irin Jibiya, wannan hanya ta fi kusa da hankali, muddin dai aka sami mai ɗauri wanda ya san waya, aka kuma sayi batir mai inganci. A kan batir ne araha ba ta ado.

6.0 Kammalawa

An ga cewa tsadar mai da yawan rufe iyaka su ne suka sa keken lantarki ya zama abin sha'awa a Jibiya, su ne kuma suke sa mallakarsa ta zama kasada. Saboda haka tsarin tambayoyin mai saye shi ne: a ina za a yi caji, wa zai gyara, wane awon taya ake samu a kasuwa, kilomita nawa ake yi a wuni. Bayan an amsa waɗannan ne ake maganar suna da launi. Masu iya magana sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, nagari kuwa a nan shi ne wanda mai gyara na bakin kasuwar Lahadi zai iya tayarwa ko da an rufe Magama.