MOTAR DAJI: ABIN YI IDAN INJI YA RAGE ƘARFI YANA HARBI

Tun daga 1930, lokacin da layin dogo ya iso Nguru daga Kano, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro da dabbobin da ake fito da su daga ƙauyuka. Kwalta ta haɗa Nguru da Gashuwa, amma mai zuwa ƙauyukan ƙasar Machina da Yusufari, ko tuddan rairayi na Tulo-Tulo, ko fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, tilas ne a wani wurin ya sauka daga kwalta ya bi turbar yashi. A irin waɗannan hanyoyi ana dogara ne da motoci masu jan ƙafa huɗu, irin su Land Rover da Land Cruiser da Hilux. Su ne ke kai hatsi kasuwa, su ne kuma ke ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti. Saboda haka motar da ta mutu a tsakiyar rairayi cikin zafin bazara tana iya jawo asarar rai.

Ciwon da ya fi damun waɗannan motoci shi ne inji ya rage ƙarfi: direba ya taka totur mota ta ƙi ja, sa'an nan ta riƙa harbi kamar bindiga, abin da makanikai ke kira bakfaya.

INDA HARBIN KE FITOWA

Injin fetur yana bukatar abu uku: iska, da mai, da wuta. A kan nauyi, kashi ɗaya na fetur yana bukatar kimanin kashi 15 na iska kafin ya ƙone sarai, kuma dole fulogi ya ba da wuta a daidai lokacinta. Idan ɗayan ukun nan ya kauce, man yakan ƙone a inda bai kamata ba. Don haka aikin farko na direba shi ne ya kasa kunne.

In harbin ta gaba yake fitowa, wajen kafireta, kamar mai atishawa, galibi mai ne ya yi wa inji kaɗan, ko iska tana shiga ta wata ɓaraka, ko kuwa lokacin wuta ya goce. In ta baya ne, cikin salansa, to, ɗanyen mai ne yake fita bai ƙone ba, sai ya tarar da zafi a can ya fashe. Sanadinsa yakan zama mataccen fulogi, ko mai ya yi yawa, ko salansa ta huje.

YADDA ZA A BI SAWU

Ya kamata a fara da abin da ya fi sauƙi da araha, a bi shi daki-daki.

1. Iska. Ƙurar hunturu da rairayin arewacin Yobe suna toshe matatar iska da wuri. Alamarta baƙin hayaƙi da shan mai da kasala a hawa. A ciro ta a kakkaɓe a hankali, in da abin hura iska a hura daga ciki zuwa waje. Kada a wanke ta takarda da ruwa ko fetur. Kada kuma a yar da ita a ci gaba da tafiya haka nan, domin yashin da ya shiga inji yana cinye shi kamar yadda dutsen niƙa ke cin tsaba.

2. Mai. A zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye ta ta natsa. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi zai kwanta a ƙasa. A duba matatar mai, a canja ta idan ta cika da laka. A tsofaffin motoci, in an buɗe murfin tanki aka ji ya zuƙi iska da ƙarfi, to, hujin numfashinsa ne ya toshe. Haka kuma a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, fetur yakan zama tururi a cikin bututu, mota ta yi ta shiɗewa. Maganin wannan a tsaya a inuwa, a ɗaga bonet, a jira ta huce.

3. Wuta. A kwance fulogai a duba bakinsu. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiyayye ne. Baƙi mai kunkunniya yana nuna mai ya yi yawa, fari fat kuwa yana nuna mai ya yi kaɗan kuma inji yana zafi. A duba wayoyin ko sun tsage. A yawancin injuna masu fulogi huɗu tsarin wuta shi ne 1-3-4-2, kuma sau da yawa harbi yakan fara ne ran da aka kwance wayoyin aka mayar da su a juye. Direban da ya ratsa ruwan fadama da damina ya share laimar da ta shiga kayan wuta kafin ya zargi wani abu.

In an bi ukun nan ciwo bai tafi ba, saura taimin da bawul da gasket, wannan kuwa aikin makaniki ne a gareji. Sababbin motocin da ba su da kafireta, kwamfuta ke auna musu mai, sai a kai su inda ake da na'urar karanta ciwonsu. Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi, don haka raunin nasa yakan fito ne daga toshewar matata, ko ruwa a mai, ko iska a bututu.

GARGAƊI

Kada a matsa wa motar da ke harbi. Harbin gaba yana iya tayar da gobara a kafireta, ci gaba da tafiya da ƙarancin mai kuwa yana ƙona bawul, gyaran 'yan kuɗi kaɗan ya koma sauke inji. Kada a buɗe lagireto yana tafasa. Kada a kusanci fetur da taba ko ashana.

Jama'a su tuna cewa a watan Fabrairun 2022 hukuma ta tabbatar da shigowar fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, kuma masu motoci da dama sun koka da lalacewar injunansu. In har gurɓataccen mai zai iya kaiwa gidan mai, man jarka da na kwalba a bakin hanya ya fi cancantar a yi hattara da shi. Wanda ya zama dole ya saya wurin 'yan bumburutu, ya tace da tsabtataccen ƙyalle.

Ana kira ga direbobi da masu motoci da shugabannin tasha a Nguru da Gashuwa da kewaye da su tabbatar kowace mota ta ɗauki fulogai da matatar mai na ko-ta-kwana, da sifana, da abin kashe gobara, da isasshen ruwan sha, kafin ta sauka daga kwalta. Direba kuma ya shaida wa mutanen tasha hanyar da zai bi da lokacin da yake sa ran isa. Rigakafi ya fi magani.