Darasi: Kada lissafi ya zauna wuri ɗaya

'Yan'uwa mata, akwatinmu kwaɗo uku gare shi, kowane makulli a hannun mace daban. To, littafin da ke ciki fa? Ɗaya ne tak. In gara ta ci shi, ko ɗaki ya yi yoyo da damina, wa zai tuna wadda ta yi zubi da wadda ta ci bashi?

Ni ma na taɓa gani. Ana saura sati biyu rabon kuɗi, kwamfutar da nake shigar da lissafinku ta mutu murus. Ranar ban runtsa ba. Da safe yaron da ke kula da na'urorin ofis ya ce, "Anti, kwantar da hankalinki."

Ashe akwai wata kwamfuta a ofis da ba kowa ke zama gabanta ba, ana ce mata saba. Aikinta kamar na rumbu ne. Duk kwamfutocinmu a haɗe suke da ita, wasu ta waya, wasu ba waya, kuma ba sai an sayi data ba, tunda gida ɗaya suke. Kullum da yamma kowace takan tura mata kwafin abin da ke cikinta. Ranar farko komai ake kwafa, daga nan sai abin da aka ƙara ko aka gyara. Daga can aka dawo mini da lissafina.

Amma ba duka ba. Kwana uku na yi a ƙauyuka ban haɗa tawa da saba ba, aikin kwanakin nan ya tafi. Sai da na bi littattafanku na sake rubutawa. Kwafi iyakarsa ranar da aka yi shi.

Saba ɗin ma a ginin take, in gobara ta tashi tare za su ƙone. Shi ya sa duk sati ake sake kwafe ta a fitar wani wuri.

Mu ma mu yi haka. A sayi littafi na biyu. Kafin a rufe akwati, sakatariya ta karanta jimillar zubi, bashi da kuɗin taimako da ƙarfi, wata ta rubuta, a gwada su a gaban kowa. Kada a ce sai gobe. Wannan littafin ba ya shiga akwati, kuma ba ya kwana gidan ma'aji. Mai waya ta ɗauki hoton shafin, ta duba ko lambobin sun fito, amma kada ta tura wa wanda ba ya cikin ƙungiya. Bashin mace sirrinta ne.

A taron yau ku zaɓi wadda za ta riƙe littafi na biyu.